A kula da tsirkiya, ba ƙoƙon molo kaɗai ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman ɗan fili a jaridarku mai farin jini domin in yi magana a kan abin da ake yawan mantawa idan ana zancen adana kayan kiɗanmu na gargajiya, wato tsirkiya, musamman babbar nan mai kaurin murya wadda nauyin kiɗa yake kanta.

Turawa sun daɗe suna fama da ita a molonsu mai suna lut, wanda suka gada daga udun Larabawa. Da hanjin tumaki suke murza tsirkiyoyinsa. Ƙananan ba su ba su wahala ba, amma idan ana son murya ta yi ƙasa dole tsirkiya ta ƙara tsawo, ko ta ƙara nauyi, ko a sassauta ta, kamar yadda masani Mersenne Bafaranshe ya bayyana a 1636, shi kuwa hanji da ya yi kauri sai ya sandare, amonsa ya dushe. Dabararsu ta farko ita ce su jera wata siririya kusa da babbar, mai murya iri ɗaya amma a sama, yatsa ya bugi biyun tare, siririyar ta fito da babbar fili. Wajen ƙarshen ƙarni na 16 masassaƙan Italiya suka ƙara wa molon dogon wuya har tsawon molon ya kusa mita 2, domin manyan tsirkiyoyi su samu tsawo ba tare da kauri ba. Tsirkiyar da ake naɗewa da siririyar waya ba ta bayyana ba sai wajen 1660, kuma ko a 1676 Thomas Mace, makaɗin lut na Ingila, na hanji yake yabo, wasu jajaye masu duhu da ake dangantawa da garin Pistoia na Italiya.

Har yau masana ba su daina gardama a kan waɗannan jajayen ba. Mimmo Peruffo, mai sana'ar tsirkiya a Italiya, ya auna hujojin da ake ɗaura tsirkiya a jikin tsofaffin molaye, ya ga sun yi wa hanji mai kauri ƙanƙanta, sai ya ce ashe ana shayar da hanjin garin ƙarfe ne domin ya yi nauyi yana siriri. Wasu kuma sun ce ɗaurin ne kawai ake sassautawa.

Gardamar tana da dalili. Da aka farfaɗo da lut a ƙarni na 20, nailan mai naɗin tagulla aka ɗaura masa, sai babbar tsirkiya ta riƙa jan amo tana danne ƙananan, har makaɗi ya koma tare ta da babban yatsa. Ta hanji kuwa takan fito da ƙarfi ta lafa nan da nan, ta bar wa ƙananan wuri, kuma da wannan amon ne makaɗan dā suka tsara kiɗansu.

A nan gida, yawancin molo da gurmin da nake gani a Yamai igiyar kamun kifi ce a kansu, a wurin da kakanninmu suke ɗaura murzajjen gashin wutsiyar doki. Ban ga laifin makaɗa ba ko kaɗan, domin nailan yana da araha, ba ya saurin tsinkewa, raɓar damina ba ta dame shi ba. Sai dai wanda ya saurari goge, da har yanzu gashin doki ke kansa, ya san akwai ɗan gurnani da kaushi a amonsa wanda nailan mai santsi ba ya bayarwa, kuma ina jin takaicin a rataye tsohon molo a bango da sabuwar igiya a ce an adana shi.

Turawa daga zane-zane da hujojin katako suke laluben abin da suka rasa, mu kuwa muna da dattawa a Tawa da Dogon Dutsi da Maraɗi da suka ga iyayensu suna murza tsirkiya a cinya. Ina roƙon cibiyar koyon kiɗa ta Alhaji Taya da gidan tarihi na Bubu Hama su nemo su, a ɗauki hoton aikin tun daga zaɓen gashi har ɗaurawa, a rubuta yawan silin da ke shiga babbar tsirkiya, sannan a naɗi kiɗa ɗaya sau biyu, da gashi da kuma nailan, a saka wa jama'a a rediyo.

Wassalam,
Mai karanta jaridarku, daga Yamai