Godiya ga shagon batir da ya miƙo mini sifana

Assalamu alaikum. Zuwa ga mai shagon sayar da batirin mota da na yi hulɗa da shi kwanan nan, da yaransa baki ɗaya, musamman matashin nan mai riƙe da mitar gwaji.

Na rubuto wannan takarda a bainar jama'a ne saboda godiyar da na yi muku baki da baki ba ta ishe ni ba. Ban ambaci sunan shagon ba don kada a ɗauka talla aka biya ni na yi, amma idan kun karanta za ku gane kanku.

Kafin na zo wurinku na sha wahala da motata ba kaɗan ba. Da safe in na murɗa makulli sai injin ya yi ta nishi, fitilun gaban direba su dusashe, wata rana ma ƙas-ƙas-ƙas kawai zan ji, sai neman masu turi. Wurin da na fara zuwa ko bonet ba a ɗaga ba aka ce batir ne, in kawo kuɗi. Na saya. Bai yi wani dogon zango ba ya fara irin halin na da. Da na koma da rasit a hannu, sai aka ce ai altaneta ce, wato na'urar da ke yi wa batir caji in injin na aiki, ta kashe shi, garanti kuwa bai shafi wannan ba. Mai gyaran wutar da na kai wa, don ya gwada altanetar, sai ya zare kan batir alhali injin yana aiki, ya ce tunda motar ba ta mutu ba to lafiyarta ƙalau. Wani kuma guduma ya ɗauko ya rinƙa dukan kan batirin wai don ya zauna daram. A cikinsu duka babu wanda ya tsaya ya gaya mini abin da ke faruwa. In na yi tambaya sai a dube ni sheƙeƙe, a ce in bar wa masu aiki aikinsu. Wannan ya fi asarar kuɗin ci mini rai.

Da wannan zuciyar na shigo shagonku, a shirye nake a sake ce mini in kawo kuɗi. Sai yaron nan ya taso ya gaishe ni, ya ce, "Baba, bari mu auna tukuna, kada ka sayi abin da ba ka buƙata." Ya ɗauko wata mita da aka naɗe wayarta da salatif saboda tsufa, ya ɗora jan bakin a kan mai alamar +, baƙin a kan mai alamar −, ya juyo da fuskarta wajena don in gani da idona. Ya ce batirin mota ɗakuna 6 gare shi a ciki, kowanne yana ba da ƙarfin wuta kusan bolt 2.1, shi ya sa lafiyayye mai cikakken caji yake nuna 12.6 in mota tana kashe. In ya sauko 12.2, kusan rabin cajin ya tafi. Amma ya ce wannan lambar kaɗai ba ta isa a yanke hukunci ba, sai an ga yadda batir yake yi in an ɗora masa nauyi. Ya sa na murɗa makulli yana riƙe da mitar. Mai lafiya bai kamata ya faɗi ƙasa da kusan 9.6 ba lokacin tayar da injin. Nawa kuwa ya zube ƙasa da haka nesa ba kusa ba.

Bai tsaya nan ba. Ya tayar da motar da batirin shago, ya sake aunawa injin yana aiki, mitar ta tsaya a 14 da 'yan kai, cikin iyakar da ake so, wato tsakanin 13.7 da 14.7. Altanetar da aka ɗora wa laifi ashe ba ta da laifin komai. Sannan ya goge gefen tsohon batirin ya nuna mini hatimin lokacin da aka ƙera shi. Ya daɗe a ajiye kafin a sayar mini, batir kuwa in ya zauna ba caji sai farantan dalmar da ke cikinsa su kama gishiri, ƙarfinsa ya ragu tun bai shiga mota ba. Da na ba shi labarin mai zare kan batir injin na aiki, ya girgiza kai ya ce kada in ƙara yarda, domin wutar altaneta tana iya hauhawa farat ɗaya ta ƙona kwamfutar mota.

Wajen zaɓen sabo bai tura ni ga mafi girma ba. Ya duba girman mazaunin, da lambar Ah (yawan cajin da batir ke riƙewa) da ta CCA (ƙarfinsa na tayar da injin cikin sanyi) da motar ke buƙata, da ɓangaren da kan + yake, dama ko hagu, don wayoyin su kai ba tare da an ja su ba. Ya nuna mini hatimin sabon kafin na biya.

Abin da ya sa na zauna rubutun nan shi ne abin da ya biyo baya. Na ce masa, "Ɗana, ina so in iya wannan da hannuna." Ban zaci zai yarda ba, don akwai mutane suna jira. Sai ya miƙo mini sifana mai lamba 10, ya ce in kashe mota in zare makulli, in cire agogo da zobe, ya ba ni safar hannu da tabarau. Ya ce baƙin waya ake fara kwancewa, mai alamar −, kuma ya gaya mini dalili: duk bodin mota a haɗe yake da wannan kan. In ka fara da ja, sifana ta goga ƙarfen mota, wuta za ta bi ta cikinta nan take, ga tartsatsi, batir kuma yana fitar da iska mai kama wuta. In baƙin ya riga ya fita, hanyar ta yanke. Na kwance baƙin na lanƙwasa shi gefe, na kwance jan, na cire ƙarfen da ke danne batirin, na ɗaga shi a miƙe don kada ruwan asid ya zubo. Bakin wayoyin duk sun yi farin gari mai shuɗi-shuɗi. Ya kawo garin sodar girki (baking soda) da ruwa, muka zuba, abin ya yi kumfa, na goge da burushin ƙarfe har ƙarfen ya fito yana ƙyalli. Wajen ɗaurawa sai aka juya: ja da farko, baƙi a ƙarshe. Ya ce in ɗaure noti daidai yadda kan ba zai juya da hannu ba, ban da duka, ban da matsewa har ya tsage. Duk tsawon aikin yana tsaye a gefena, hannunsa a baya, bai karɓe sifanar ko sau ɗaya ba. Murɗa ɗaya motar ta tashi.

Ya kuma gaya mini inda zan dakata. Wasu motocin rediyonsu kan nemi lambar sirri in an yanke wuta. Motocin da injinsu ke kashe kansa in an tsaya ya tashi in an saki birki, batir irin AGM ko EFB suke so, wato masu jure yawan tayar da injin, wasunsu ma sai an sanar da kwamfutarsu cewa an sa sabo. Irin waɗannan ya ce in duba littafin motar, ko in kawo musu.

Batirin dalma da asid ba sabon abu ba ne. Tun 1859 Gaston Planté na Faransa ya ƙirƙiro shi, yau fiye da shekara 160 ke nan. Babu wani sirri da ya rage a cikinsa da zai sa mai sayarwa ya ɓoye wa wanda ya ba shi kuɗinsa. Duk da haka sai ka ga shago cike da batura babu mitar gwaji ko ɗaya, ko tana nan amma ba a ɗauko ta sai in za a musanta garanti. Ana sayar wa mutane kayan da suka tsufa a kan kanta, ana sa musu wanda bai dace da motarsu ba, ana barin batir ba a danne shi ba yana ta girgiza har ya lalace. Tsoffin kuma wasu zubar da ruwansu suke yi a ƙasa, su fasa su a fili inda yara ke wasa, alhali dalma guba ce mai taɓa ƙwaƙwalwar yaro. Ku kun karɓi nawa kun jera shi a miƙe tare da sauran, kun ce masu sake narka dalmar ne ke zuwa ɗauka.

Maigida, roƙona gare ka shi ne ka riƙe yaron nan da kyau, ka saya masa sabuwar mita, ka kuma sa ya koya wa sauran yaran yadda yake yi wa mutane bayani. Allah ya yi masa albarka, ya ƙara wa kasuwarku buɗi.

Naku,
Wani mai mota da kuka taimaka wa