Masu neman aure da abota a intanet, dan Allah ku rubuta gaskiyar ko ku su waye

Edita, assalamu alaikum. Dan Allah a bani dan fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi magana da kannena da 'ya'yana, maza da mata, masu neman abokin zama ko kawaye ta waya, don abin da nake gani a furofayil dinsu ya dade yana ci min rai.

Ni dai ban dauki neman aure ta Facebook ko Instagram a matsayin laifi ba. Da a dandali ake haduwa ko gidan biki ko ta hannun masu dalilin aure, yanzu kuma ga guruf-guruf na hadin aure a Facebook da WhatsApp, ga manhajoji irin su Muzz da aka bude a Ingila a 2015 saboda Musulmi, wadda har akwai inda za ki sa waliyyinki ya rika ganin hirar da kuke yi. Kuma ana dacewa, mutanen Kano ba su manta 2020 ba lokacin da wata Ba'amurkiya ta taso takanas ta zo Panshekara aka daura mata aure da matashin da suka hadu a Instagram. Hanyar bata da matsala, karyar da muke shimfidawa a kanta ce matsalar.

Mu fara da hoto. Yarinya baka kyakkyawa son kowa, sai ta sa filta ta koma fara tas, hanci ya mike, fuska ta zama kamar ta 'yar tsana, ranar da saurayi ya zo zance ya tsaya kofar gida yana tambayarta ko yayarta na ciki, ita ta shiga daki tana kuka shi ya tafi yana cewa an yaudare shi, alhali da hotonta na gaskiya ta sa wallahi akwai wanda ita din yake nema. Annabi (SAW) ya ce wa Mugira dan Shu'uba ya je ya dubi matar da zai aura don hakan ya fi sa zama ya dore, to in abin da aka duba filta ce ina amfanin dubawar? Mazan ma haka, ka jingina da motar ogan ka ka dauki hoto, ka rubuta dan kasuwa mazaunin Abuja, kai kuma yaron shago ne a Kwari. Menene abin kunya a yaron shago? Manyan 'yan kasuwar da kake gani a Kwari da Singa da yawansu daga nan suka fara.

Wadda ta fi bani tsoro ita ce boye aure da 'ya'ya. Magidanci da mata biyu ya rubuta bai taba aure ba, bazawara mai yara ta ce ita budurwa ce ta kuma zaftare shekaru. Anan kam ba zan dora musu laifin su kadai ba, mu ma da namu, mu ne muka maida zawarci abin gori, mu ne in mace ta haura talatin muke kallonta kamar ta yi wani laifi, uwar miji ta ce danta ba zai fara da bazawara ba. Wannan matsin shi ke tura 'yan uwanmu yin karya kuma yana bani tausayi matuka. Amma 'yar uwa ki duba, tun 2012 Hisbah ta fara auren zawarawa a Kano, a 2023 ma an daura na mutum 1,800 da matansu, da yawa daga cikin wadannan matan sun fito fili ne da zawarcinsu kuma suka samu mazaje. Wanda zai guje ki don kina da yara biyu gara ya guje ki tun ranar farko, da ace sai an kawo lefe dangi sun taru sannan magana ta fito.

Kuma fa sai ta fito, don aurenmu ba a yinsa sai da bincike. Kawunnai zasu shiga unguwa, a tambayi mai unguwa, a tambayi liman, a tambayi mai shagon bakin layi, ramin karya kurarre ne. Ga maganar lafiya, tun 2024 doka ce a Kano sai an yi gwajin jini kafin a daura aure, kanjamau da ciwon hanta da kuma jinotayif (genotype) saboda sikila. In kai AS ne ita ma AS, wato kowannenku na dauke da kwayar sikila, kowane ciki akwai yiwuwar daya cikin hudu a haifi mai sikila, duk wanda ya taba kwana asibiti da irin yaran nan ya san ba abin wasa bane. Me zai hana a fadi wannan tun farkon hira kafin zuciya ta yi nisa?

To amma fadin gaskiya daban, tona asirin kai daban. Ba a ce ki sa hoton kofar gidanku da lambar gida ba, ko makarantar da yaranki ke zuwa, ko ki tura wa bako hoton katin NIN ko hoton da ba za ki so babanki ya gani ba, don da shi ake yi wa mata barazana ana karbar kudi. A 2012 wata daliba mai karatun digiri na biyu a Nasarawa ta tafi Legas wajen wadanda ta sani a Facebook, suka kashe ta a otal a Festac, sai 2017 kotu ta yanke wa biyu daga cikinsu hukuncin kisa. Duk mai son ki da gaske zai yi kiran bidiyo ki ga fuskarsa, zai zo gida ya gaida iyaye ayi zance a zaure ko falo. Wanda kullum kyamararsa ta lalace, ko sati daya da haduwa ya fara mahaifiyata na asibiti a turo min dubu ashirin, ki yi blokin dinsa kawai. Masu dauko hoton wata ko wani su bude shafi da shi kuma su sani laifi ne a dokar laifukan intanet ta 2015.

Abin da za a rubuta ba wuya gare shi ba. Ki bar kwafo turancin nan da kowa ke kwafowa, ki ce ni tela ce, na taba aure ina da yaro daya, ina zuwa islamiyyar dare, bana son zama nesa da Kano. Kai kuma ka ce ina tuka adaidaita, ina da mata daya kuma ta san ina neman kari, in har ta sani din. In abota kawai kake so ta hirar kwallo ko karatu ko sana'a ka fada, kar ka bar 'yar mutane tana kirga watannin biki kai kuma hira ce ta kawo ka.

Rokona ga admin-admin na guruf din hadin aure, kafin ku dora bayanin kowa ku yi kiran bidiyo da shi ku ga fuskarsa, ku karbi lambar waliyyi ko wani babba a gidansu ku kira ku tabbatar, ko da hakan zai rage muku yawan masu shigowa. Amanar 'ya'yan mutane ce a hannunku kuma Allah zai tambaye ku.

Na gode Edita, Allah ya kara daukaka.

Wata uwa mai bibiyar jaridarku, daga Kano