Babana, kada hannunka ya taɓa ɗanyen bayani

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyalinka. Ummanka tana gaishe ka, ta ce ka kwantar da hankalinka, ƙafar ta yi sauƙi.

Na yi murna da aka danƙa maka ragamar kwamfutocin sashenku. Ban nuna ba a waya, ka san halina. Rabon injin tsakanin masu tace bayanan amsa-kuwwar ƙarƙashin ƙasa aiki ne da ba a gode wa mai yin sa. Kowa gani yake nasa aikin ne na gaggawa. Ka bar Slurm, manhajar da ke jera ayyuka a kan injin, ya yi layinsa bisa ƙa'idar da kuka rubuta, wanda zai tsallake layi ya kawo takarda daga sama. In mutum ya nemi a ninka kaifin hoto, ka zaunar da shi ka yi masa lissafi: tsawo, faɗi, zurfi da lokaci, kowanne sai an tsaga taƙinsa biyu, wato aikin ya ninku sau 16. Dogon aiki kuma kada ya tashi sai an tsara masa ajiye inda ya kai lokaci lokaci, don in inji ɗaya ya mutu a kwana na biyar ba sai an koma farko ba. Duk wannan ka sani, ka ma fi ni sanin GPU ɗin nan naku, na'urorin lissafi masu sauri.

Abin da ya hana ni barci daban ne. Yayanka ya ce ya ji ka kana faɗi a waya cewa faifanku ya cika, har ka share wasu tsofaffin bayanai don aikin maigidanka ya samu wuri. Ya ce da dariya ka faɗa. Na tambaye shi wane irin bayani, ya ce bai gane ba. Tun daren nan nake juya maganar.

In abin da injin ya haifar ne a tsakiyar aiki, share shi, ba komai, lantarki da lokaci kawai za a sake kashewa. Amma in ɗanyen bayanin da aka ɗauko daga fili ne, to ka yi ɓarnar da kuɗi ba ya gyarawa. Ka tuna yadda ake samo shi. Mutane suna shimfiɗa dubban jiyofon, wato na'urorin sauraren girgizar ƙasa, a ƙasa da hannunsu, motoci masu nauyi suna girgiza ƙasa wuri bayan wuri, ko jirgin ruwa yana jan igiyoyi masu tsawon kilomitoci yana harba bindigar iska wata da watanni. Bayan shekaru an yi gini a filin, ko an kafa dandamalin haƙo a ruwan, ba mai iya komawa ya sake ɗauka yadda aka ɗauka da fari. Kuma bayanin nan ba ya tsufa, darajarsa ƙaruwa take. Dabarar mayar da sauti baya cikin lokaci don zana hoton duwatsu, tun 1983 aka rubuta ta, amma sai bayan shekara kusan 20 injina suka yi ƙarfin ɗaukar ta a babban aiki. Waɗanda suka adana tef ɗinsu suka ciro shi, suka ga abin da ke ƙarƙashin duwatsun gishiri na cikin ƙasa wanda da ba ya ganuwa. SEG-Y, tsarin da ake adana wannan bayani da shi, na 1975 ne, har gobe ana karanta shi. Wa ya gaya maka abin da ka kira tsoho ba shi za a nema ba nan da shekara 10?

Kada ka ce mini akwai kwafi. Ka gani da idonka? Ka sa an karanto shi daga tef, an gwada shi da na asali, lamba da lamba? Takardun fili da ke nuna inda kowane jiyofon ya zauna suna tare da shi? In babu su, tarin lambobi kawai ka ajiye. Ni ma an taɓa ce mini akwai kwafi, na sa hannu aka sake rubutu a kan tef 40. Da aka je ɗauko kwafin, ɗanshi ya sa ya manne, na riƙe faifan a hannuna baƙin gari yana zuba a kan yatsuna. Ka san shekarar da hakan ta faru, ka san abin da ya biyo baya a gidanmu. Kun daɗe kuna riƙe da ni a zuci kan daren da nake kwana a ɗakin injin, har ranar da ƙanwarka take kwance ban zo ba sai da asuba. Ban ce na kyauta ba. Amma bayan wancan abin ban ƙara yarda da kalmar kowa a kan tef ba sai na duba da kaina, kuma da wannan na ciyar da ku.

Shi ya sa dariyar ta ɓata mini rai. Ban tarbiyyantar da kai ka yi wasa da amanar mutane don maigida ya yi maka murmushi ba. Ranar da aka nemi bayanin aka rasa, sunanka za a gani a rajistar injin, shi kuwa zai ce bai umarce ka ba.

Wataƙila yayanka bai ji daidai ba, ina roƙon Allah ya sa haka ne. Kai yaro ne mai natsuwa tun kana ƙarami. In faifai ya cika, ka rubuta wa na sama da kai cewa aiki zai jira ko a ƙaro ma'ajiya, ka ajiye takardar. In kuma abin ya riga ya faru, kada ka ɓoye, ka hana a rubuta komai a faifan nan, ka kira ni ko da tsakar dare ne mu duba tare.

Allah ya yi maka albarka. Ka shafa mini kan yaran.

Mahaifinka