Wasiƙa zuwa ga aminina kan injin iskar da na haɗa wa motata

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Saƙonka ya iso, kuma na yi murna ƙwarai da jin ka mallaki motar dajin nan da ka daɗe kana buri. Allah ya sanya alheri, ya tsare hanya. Ka tambaye ni girman tankin iskar da za ka ɗaura mata. Ka ajiye zancen tanki tukuna, mu fara da kwamfuresa, wato injin da ke matsa iskar, domin a nan na yi kuskure, ba na so kai ma ka faɗa ciki.

Dalilin aikin ka san shi. In za ka shiga rairayi sai ka rage iskar taya daga kamar 35 a gejin auna matsin iska (ma'aunin PSI) zuwa 18 ko 15, tayar ta baje ta hau kan yashi maimakon ta haƙa wa kanta rami. Da ka dawo kwalta kuwa dole ka mayar da iskar, in ba haka ba gefen tayar zai yi ta lanƙwashewa yana ɗaukar zafi har ta fashe. A bakin daji kuma babu mai faci.

Ni da na tashi, babban tanki na fara nema, na haɗa shi da ɗan ƙaramin kwamfuresa, a zatona tankin ne zai yi aikin. Ranar gwaji, kafin taya ta farko ta gama cika tanki ya ƙare, sauran ukun ɗan injin nan ne ya yi ta fama da su, ni kuma ina tsaye cikin rana fiye da rabin awa. Daga baya na zauna na yi lissafi. Tanki mai lita 10 da aka matsa wa iska zuwa 150 bai riƙe fiye da kimanin lita 100 ta iskar sarari ba, kuma ba duka zai ba ka ba, don da ƙarfinsa ya sauko daidai da na taya, shi ke nan ya tsaya. Babbar taya ɗaya kuwa kusan abin da take sha ke nan. Amfanin tanki shi ne bugun iska na lokaci guda: mayar da bakin taya kan wili in ya zame, hure ƙura, ko kunna makullin aksil mai aiki da iska, wanda ke sa tayoyin hagu da dama su juya tare. Mai cika tayoyi huɗu kwamfuresa ne.

Saboda haka in za ka zaɓa, duba abu biyu a jikinsa: yawan iskar da yake turawa a minti, da tsawon lokacin da zai yi aiki kafin ya nemi hutu. Wani an rubuta kashi 33 cikin 100, wato in ya yi minti goma sai ya huta kusan ashirin. Nemi wanda aka rubuta kashi 100. Kada babbar lambar matsi da ke kan kwali ta ruɗe ka, tayarka ba ta bukatar 200.

Sai wuta. Kwamfuresa mai ƙarfi yana jan amfiya 20 zuwa 30, mai kai biyu ya fi haka nesa ba kusa ba. Kada ka kuskura ka ɗauko masa wuta daga soket ɗin cikin mota. Ja waya mai kauri kai tsaye daga batir, sa fis dab da kan batirin, ka bi da ita ta rile, wato makunnin da 'yar ƙaramar wuta ke tayarwa ya saki babbar. Makunnin da ke gabanka rile kawai zai tayar. A layin makunnin nan ne za ka sa makunnin matsi, wanda ke tayar da injin in iska ta sauko 110, ya kashe shi a 145 ko 150. Kuma kullum ka bar injin mota yana aiki lokacin da kake bugawa.

Abin da ya fi ba ni wahala shi ne zafi. Iskar da aka matse tana fitowa da zafin da zai ƙona hannu. Na ɗaura tiyon roba a bakin kwamfuresa, ya yi laushi ya fashe ina tsakiyar aiki. Yanzu tiyo mai saƙar ƙarfe ne a farko, sai bawul mai hana iska komawa baya, sannan roba ta ci gaba, nesa da salansa. Bakin da yake shaƙar iska kuma na ja shi sama, inda ƙura da ruwan rafi ba sa kaiwa.

Iskar nan in ta huce a tanki, damshin da ke cikinta ruwa yake zama a ƙasansa, ruwan kuma tsatsa ne daga ciki inda ido ba ya gani. Ɗaura tankin yadda famfon zubar da ruwa zai kalli ƙasa, ka riƙa buɗe shi bayan kowace tafiya. Don Allah kada ka bar bawul ɗin kariya, wanda ke buɗewa da kansa in makunnin matsi ya ƙi kashe injin. Lambarsa ta ɗara 150 kaɗan, amma kada ta wuce abin da aka rubuta tankin zai ɗauka. Kada kuma ka yarda a yi wa tankin walda.

Akwai masu juya kwamfuresan esi na tsofaffin motoci, irin York 210, su sa bel ɗin inji ya ja shi. Yana da ma'ajiyar mai tasa, kuma iskarsa ta fi ta masu batir yawa. Ina sha'awarsa, sai dai yana son wuri a gaban inji da mazauni mai ƙarfi, a motarka kuwa ban ga inda zai zauna ba.

In ka gama haɗawa, cika tankin, ka shafa kumfar sabulu a kowace gaɓa, ka bar shi ya kwana. In da safe allurar geji tana inda ka bar ta, aiki ya yi. Turo mini hoton gaban injinka da girman tayoyinka, in duba inda kwamfuresan zai fi zama kafin ka huda komai.

Ka gaida mai ɗakinka da yara. Sai na ji daga gare ka.

Naka har kullum,
Amininka