Mai galahanga ma yana kamuwa da ciwon damuwa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Duk ranar 2 ga Afrilu, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware tun 2007 domin masu galahanga, maganar ƙananan yara ake yi: wanda bai buɗe baki da wuri ba, wanda ba ya kallon idon uwarsa. Madalla da wannan. To amma yaran nan girma suke yi, kuma akwai ciwon da ke tare da yawansu a gaba, wato ciwon damuwa. Binciken da aka tattara a 2019 ya nuna sun fi sauran mutane kamuwa da shi kusan sau huɗu.

Ni mai gyaran babur ne a nan Tawa, kuma ƙanena mai shekara 19 yana da galahanga. Tun da ya bar lakwal saboda tsokanar yara, wurina yake wuni. Maganarsa kaɗan ce, amma da jin kukan inji zai nuna maka inda matsalar take, kuma ba ya tashi sai ya jera kayan aiki kowanne a mazauninsa. Bara da bazara sai ya daina zuwa. Yana kwance a ɗaka har azahar, tuwo ya huce a gabansa, wanka sai an yi da gaske. Buga kai da bango, abin da ya bari tun yana yaro, ya dawo.

A gida aka ce ai halinsa ne, dama shi ba mai shiga mutane ba ne. Wasu suka ce iska ce, aka yi rubutu, aka yi hayaƙi. Ba na ja da addu'a, muna yin ta har gobe. Amma wannan magana ta "halinsa ne" ita ce ke cutar da su. Galahanga da ita aka haifi mutum, da ita zai rayu. Ciwon damuwa kuwa daga baya yake shigowa, kuma yana da magani.

Wata ma'aikaciyar jinya ce ta gane. Ba ta tambaye shi abin da ke ransa ba, don da yawansu ba sa iya faɗin abin da suke ji, ko da masu magana ne sosai. Ni ta tambaya: "Mene ne yake so ƙwarai da can, wanda yanzu ya bari?" Ta bi barcinsa da cinsa, sannan ta tura mu Yamai wajen likitan ƙwaƙwalwa. An ba shi magani, an ce mu yi haƙuri don sai an yi makonni yake fara aiki. A can muka fahimci cewa samarin fada sun daɗe suna kiransa mahaukaci, suna danna masa oda a kunne don su ga ya firgita. Duk yana ji, duk yana ajiyewa. Yanzu ya dawo aiki, da safe kawai, kafin hayaniya ta yi yawa.

Iyaye, kada a sayo masa ƙwayar barci wajen masu tallar magani. In kuma ya ambaci mutuwa ko ya ce ya gaji da duniya, a kai shi asibiti a ranar.

Roƙona gare ku, Malam Edita, ku nemi likitan ƙwaƙwalwa ya zayyana waɗannan alamomi da Hausa, ku buga kafin 10 ga Oktoba, ranar lafiyar ƙwaƙwalwa ta duniya, gidajen rediyo su ɗauka. Hukuma kuma ta horar da ma'aikatan asibitocin unguwa su riƙa yin irin tambayar da aka yi mini, domin tsakanin Tawa da Yamai ya haura kilomita 500, ba kowane gida ke da kuɗin motar mutum biyu ba.

Naku,
Wani mai gyaran babur, Tawa