Rahoton Ayyukan Shekara ga Mambobin Ƙungiya: Sakin Ruwa, Dausayi da Tsuntsaye

Assalamu alaikum, 'yan uwa mambobi. Kwamitin zartarwa yana gabatar muku da abin da ƙungiya ta gudanar a shekarar da ta shuɗe, kuma mafi yawan ƙarfinmu ya tafi ne a kan batu guda, wato lokacin da ake sakin ruwa daga manyan madatsun jiharmu ta Kano.

Madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa da ke Ƙaraye, wadda aka kammala a 1992, su ne ke riƙe da ruwan da ke gangarawa kogin Haɗeja har ya kai dausayin Haɗeja da Nguru. Kafin a gina su, ambaliyar damina kan malale fadama, kifi ya hayayyafa, sannan ƙasa ta bushe da rani. Yanzu ruwa yana gudana kusan duk shekara, kuma wannan danshi marar yankewa shi ne ya bai wa kachala, wato doguwar ciyawar da ke fitowa cikin ruwa, damar toshe hanyoyin ruwa, har wasu gonaki suka nutse, wasu kuma ruwan ya daina isa gare su. Ba mu ƙi noman rani na Kadawa da Kura ba, domin shinkafar da tumatirin a tukwanenmu suke ƙarewa, amma na ƙasa da mu ma suna da haƙƙi a kan kogin.

A watan Janairu, cikin hunturu, tawagarmu ta ziyarci dausayin Baturiya a jihar Jigawa domin ƙidayar tsuntsaye. Mun ga kirinjijiya da dinya da zalɓe, tare da agwagin da ke ƙetaro Sahara daga Turai, kuma kusan dukkansu sun taru ne inda ruwa ke fili. A gabanmu wani masunci ya tura kwalekwalensa da gora, bai yi nisa ba kachala ta tare shi, sai da ya sauka cikin ruwa har ƙugu ya sare ta da lauje kafin ya wuce.

Da muka dawo mun rubuta wa hukumomin da abin ya shafa takarda, muna roƙon a riƙa sakin ruwa mai yawa da damina yadda zai yi kama da ambaliyar da ake samu kafin a gina madatsun, a kuma rage shi na wasu makonni da rani domin a samu sare kachala. Har yau muna jiran amsa, kuma sakatare zai sake bibiya.

A cikin birnin Kano ba mu taɓuka abin kirki ba. Ranar 2 ga Fabrairu, Ranar Dausayi ta Duniya, mun yi wa ɗalibai bayani a kan sharar da ke shaƙe rafin Jakara da kududdufan da ake cikewa ana gini. Aikin gayyar da muka shirya a bakin Jakara bai yiwu ba saboda ƙarancin kuɗi, don haka ma'aji yana roƙon waɗanda ake bin su kuɗin wata su biya kafin taro na gaba.