Zuwa ga mutumina na Fatakwal

Salamu alaikum mutumina,

Wata huɗu shiru kamar an aiki bawa garinsu, ko data ce ta gagare ka? Ya iyali, ya ruwan sama, don na ji can wajenku baya ɗaukewa. Mu nan Argungu lafiya lau sai zafi, Inna tana gaishe ka, ta ce har yau tana jiran atamfar.

Abin da yasa na rubuto, ina kwashe kaya na ci karo da littafin Oliver Twist ɗin nan da ka ara ka yaga bangon (kar ka musa). Ba wuta, da tocila na karance shi dare uku, kuma wallahi haushi ya kama ni wanda ban ji ba muna yara. Ka tuna yaron, an haife shi gidan gajiyayyu uwar ta rasu a take, ana basu kunu tsararo har yunwa ta sa yaran suka yi ƙuri'a ta faɗa kansa, ya ɗauki kwano yaje yace a ƙara masa. Don wannan kawai aka kulle shi aka manna takarda wai fam 5 ga duk wanda zai raba su da shi. Nan sai da na ajiye littafin, almajirin da ke zuwa ƙofarmu da robarsa bayan magariba kawai nake gani.

Amma duba abin da marubucin, Charles Dickens, yayi. Yaron da bai samu wata makarantar kirki ba, ya tashi cikin duka, daga nan sai shagon mai akwatin gawa, sai gidan ɓarayin Fagin a Landan, amma in ya buɗe baki Turanci tsaf kamar ɗan fada, ko ashar ɗaya babu. Ashe ubansa mai hali ne, akwai gado ana ɓoye masa. Wato barewa bata gudu ɗanta yayi rarrafe kenan? To ɗan talaka na asali fa? Shine Dodger, yaron Fagin mai bakin 'yan tasha da rigar manya da ya naɗe hannunta, shi babu wani kawu da zai ɓullo, an kama shi da battar taba ta azurfa aka tura shi Ostireliya har ƙarshen rai. Kuma shi yafi kama da yaro mai jini a jika, Oliver kam kuka da suma.

Af, kaji angonmu ya ƙara aure? Mutumin da kuɗin shayi ke gagara! Walimar ma kifi ɗaya aka raba wa mutum biyar, a Argungu fa, abin kunya.

Abin da yafi ci min rai, Dickens ya san talauci ba labari aka bashi ba, a 1824 yana ɗan shekara 12 aka ɗaure ubansa kan bashi shi kuma yana liƙa takarda a kwalaben man goge takalmi. Ina ga tsoro yaji masu kuɗin Ingila ba zasu tausaya wa yaro ba sai sun ji jininsu ne. Na faɗa wa uwargida haka tace in kashe tocilar nan batir yayi tsada.

In zaka zo da sallah ka faɗa da wuri a ajiye maka shinkafa, sabuwa ta fara shigowa. Kuma ka taho da atamfar nan don Allah, ni ake tsarewa da tambaya.

Naka har kullum.